Interlock ko cobblestone, mend ko repair: wacce zaka rubuta a takardar aiki?

Ƙanina yana da 'yar ma'aikatar buga bulo da intalok a bayan garin Kano, shi aikin hannu ya iya kuma wallahi ya iya ɗin, amma duk abin da ya shafi rubutun Turanci ni yake kawo wa, takardar farashi ce, rasit ne, amsar saƙon kwastoma a WhatsApp ce, sai dai kaji yace "Yaya dan Allah duba min wannan." To shekara biyu da suka wuce wata Hajiya likita da ta daɗe tana aiki a Ingila ta nemi a shimfiɗe mata farfajiyar gidan da take ginawa. Ni na rubuta takardar, kuma da yake yana da wani mazubin roba mai fitar da ƙananan tubala masu ɗan tudun baya wanda masu sana'ar suke ce wa cobble, sai na rubuta cobblestone paving. Ta amince ta turo kafin alƙalami. Ranar da ta zo ta tarar da kaya a jibge sai ta ɗauki guda ɗaya ta jujjuya shi a hannu tace "Malam wannan ai siminti ne, ni dutse na gani a takarda." Ƙanina yace "Ranki ya daɗe Hajiya ai shine cobble ɗin." Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kalmar ce take nufin wani abu a wajenmu take nufin wani abu daban a inda ta zauna. An dai sasanta ta karɓi aikin bayan an rage mata wani abu, amma ragin nan daga ribar yaron ya fita, kuma har yau abin yana min ciwo don alƙalamina ne ya jawo.

Tun daga nan na zauna na bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, kuma shi yasa nake so mai kwangila da mai gida da ɗalibi su san bambancinsu kafin su zaɓa.

Mu fara da pave. Turawan Ingila daga Faransanci suka aro ta, su kuma daga Latin, inda asalin kalmar take nufin a bubbuga ƙasa a danne ta har ta yi ƙarfi. Ranar da na gano haka sai da na yi murmushi don ai daɓe kenan, irin wanda iyayenmu mata suke yi, a zuba tsakuwa a yayyafa ruwan makuba a sa madaɓi ana bugu ana waƙa har ƙasan ɗaki ya yi sumul. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Yamai ma pavé suke ce wa titin da aka jera wa tubalan siminti, kaga uwa ɗaya ce ta haife su. To daga pave aka samu paving, wato aikin shimfiɗar ko kayan shimfiɗar, da kuma pavement, kuma ita pavement ɗin nan a kula da ita sosai. A Ingila pavement shine gefen titi inda masu tafiya a ƙafa suke bi. A Amurka wannan wajen sidewalk ne, pavement kuma a wajensu shine fuskar titin kanta inda mota take bi. Injiniyoyin hanya ma ko a nan Najeriya in suka ce pavement jikin hanyar suke nufi da duk hawa-hawan da ke ƙarƙashin kwalta. Don haka in ka rubuta wa mutum zaka yi masa pavement a gida baka faɗa masa komai ba tukuna.

Paving stone ita ce kalmar da ta fi kowacce faɗi, tana ɗaukar duk wani falle ko tubali da ake jerawa a ƙasa a taka, na dutse ne ko na siminti, duk da akwai stone a jikinta ba wanda zai kama ka da laifi in siminti ne. In kana rubutun makaranta ko kana ba da labari kawai, ita zaka ɗauka ka huta. Amma a takardar ciniki faɗin nata shine matsalarta, don bata faɗi girma ba bata faɗi kauri ba bata faɗi da me aka yi ba.

Abin da muke kira intalok cikakken sunansa interlocking pavers ko interlocking paving blocks, Bature ɗan Ingila kuma block paving zai ce, ɗan Amurka yace pavers kawai. In ka ce wa Baturen Ingila "I want to interlock my compound" zai tsaya yana kallonka, don interlock a wajensa aikatau ne na abu biyu su sarƙe da juna kamar yatsun hannu, mu kuma mun mai da shi sunan kaya. Ba laifi bane, Turancinmu ne kuma a kasuwarmu shi ke ci, kowane birkila da lebura ya san shi. Irin wannan tubalin na siminti ya yaɗu ne daga ƙasar Holan bayan yaƙin duniya na biyu lokacin da jan bulon da suke shimfiɗa titi da shi ya yi ƙaranci. Abin da ya fi sunan muhimmanci a takarda shine kauri: milimita 60 na inda mutane ke takawa da ƙananan motocin gida, milimita 80 na inda mota mai nauyi zata riƙa shiga kamar gidan mai ko harabar sito. Na sha ganin rigima a kan wannan, mai gida yana zaton 80 ya biya an kawo masa 60, takarda kuma interlock kawai ta ce, to wa zaka kama?

Flagstone kuma wani abu ne daban gaba ɗaya. Flag ɗin nan ba tuta bace, tsohuwar kalma ce daga harshen mutanen arewacin Turai na da mai nufin fallen dutse. Dutse ne na asali mai faɗi wanda ake tsagawa falle-falle, yawanci dutsen yashi, kuma wanda ya fi suna a Ingila shine Yorkstone daga yankin Yorkshire, da shi aka shimfiɗe gefen tituna da yawa a tsohon Landan. In an yanka shi murabba'i an jera, flagstones ne. In kuma gutsattsari ne marasa tsari aka jera su yadda suka zo aka cike tsakaninsu da siminti, irin wanda muke gani a wasu gidajen Jos da Abuja da fasasshen dutse, wannan crazy paving sunansa, kuma ba zagi bane, haka ake rubuta shi har a takardar kwangila. Wanda aka zuba da siminti mai faɗi, kamar mai santimita 60 kowane gefe, shi kuma paving slab ne. A nan ma da ɗan tarko, don slab a bakin maginanmu rufin kankare ne na bene, wato dakin, ko murfin kwalbati, saboda haka kar ka rubuta slab ita kaɗai, haɗa ta da paving.

Sai cobblestone ɗin da ta ja mana asara. Asalin cobble dutse ne mulmulalle wanda ruwa ya goge, irin na cikin kogi ko bakin teku, ba a sassaƙa shi ba, yadda aka tsince shi haka ake dasa shi a yashi. Masana ƙasa har awo suka yi masa, daga milimita 64 zuwa 256, abin da ya gaza haka tsakuwa ce abin da ya wuce haka ƙaton dutse ne. Wanda aka sassaƙa daga dutsen giranayit aka yi masa kusurwa huɗu shi sunansa sett, da t biyu, a Amurka kuma Belgian block. Su kansu Turawan suna cakuɗa su, yawancin titunan da suke kira cobbled streets in ka duba setts ne, kamar Royal Mile a Edinbura, haka hanyoyin da ake tseren keke na Paris zuwa Roubaix a kansu. To kaga ko a can kalmar tana da santsi, amma duk inda ta zame dutse dai take nufi, bata taɓa nufin siminti ita kaɗai ba. Abin da ya kamata in rubuta wa Hajiya shine cobble-style concrete pavers, wato na siminti mai kamar cobble. Haka in zubin kankare ne aka buga masa hatimi ya fito da zanen dutse, stamped concrete ne, cobblestone pattern, a faɗa a fili.

In ka tambaye ni wanne zaka sa a gidanka ma, ba wai sunan kawai ba, ni intalok zan ce maka kuma ba don ƙanina na sayarwa ba. Dalilina ɗaya ne, ranar da bututun ruwa ya fashe a ƙasa ko za'a ja wayar wuta, cire shi ake a gyara a mayar kamar ba'a taɓa ba. Stamped concrete yana da kyau ranar farko amma in ya tsage ko aka fasa shi tabon nan ya zauna kenan. Flagstone ya fi su duka kwarjini ya kuma fi daɗewa sai dai tsada da wahalar samun wanda ya iya jera shi. Cobble na gaske kuwa in akwai tsoho a gidan ko mai keken guragu kar ma ka fara, tafiya a kansa wahala ce kuma da damina santsi gare shi. Tayil na cikin ɗaki kuma dan Allah a daina sa shi a tsakar gida inda ruwan sama ke sauka, tiles daban pavers daban. Kuma duk wanda ka zaɓa a rubuta kerb a takardar, wato bakin da ke riƙe shimfiɗar kar ta baje, kerb a rubutun Ingila curb a na Amurka, mu na Ingila muke bi.

Wani abin da ya ɗaure min kai lokacin da nake bin cobble a ƙamus shine sai na ga tana da ma'ana ta biyu wadda ba ruwanta da dutse: gyaran takalmi. Cobbler shine mai gyaran takalmi, wanda muke kira shumeka, alhali shoemaker a asali mai ƙera sabo ne, mai ɗinke wanda ya tsinke cobbler ne. Daga nan aka samu cobble together, wato a harhaɗa abu cikin gaggawa da abin da ya samu ba tare da inganci ba. Don haka in wani ya duba aikinka yace it was cobbled together ba yabonka ya yi ba ko kaɗan, cewa yake aikin a-sha-ruwan-tsuntsaye ka yi. Wannan ce ta kai ni ga kalmomin gyara, kuma nan ne rikicin ya fi yawa don mu kalma ɗaya muke da ita mai ɗaukar kusan komai, gyara mota gyara riga gyara hali gyara tsakanin mutane, su kuma sun rarraba.

Mend gajartar amend ce, tushenta kalmar Latin mai nufin aibu, wato cire aibu. Ta fi zama da abin da ya yage ko ya tsinke ko ya huje: riga, buhu, komar masunta, takalmi, shinge. A Ingila tana da faɗi fiye da haka, zaka ji dattijo yace mend the roof ko mend my bike ko they are mending the road kuma daidai ne. A Amurka kuwa in ka ce mend tunaninsu allura da zare zai tafi. Lokacin yaƙin duniya na biyu, bayan an fara rabon tufafi da kati a Birtaniya a 1941, gwamnati ta yi kamfe mai suna Make Do and Mend, wato yi maneji da abin da kake da shi ka ɗinke, har yau suna faɗinsa kamar karin magana. Mend ce kuma take shiga wajen jiki da zumunci: ƙashin da aka yi wa ɗori in yana haɗewa it is mending, mara lafiya in ya fara samun sauƙi he is on the mend, mutum biyu da suka ɓata in suna neman shiri mend fences, wanda aka ja wa kunne ya gyara halinsa mend your ways. Kalma ce mai taushi, ni ina sonta, amma bana sa ta a takardar kwangila.

A kula da 'yar'uwarta amend. Na sha jin ana ce wa tela "amend this trouser for me". A Turancin da za'a maka maki a jarabawa amend na rubutu ne, doka, tsarin mulki, yarjejeniya. Rage faɗin wando ko tsawonsa alter ne, ɗinke yagewa mend ne, in kuma rami ne a safa ko suwaita aka saƙa zare aka cike shi ba tare da an ɗora wani ƙyalle ba wannan darn ne. Wanda aka ɗora ƙyalle a kai, wato maho, shine patch.

Patch ma ai mun riga mun aro ta, ita ce faci, mai faci a bakin titi. Kuma yadda faci yake a kunnenmu haka patch yake a kunnensu, toshe wajen da ya lalace kawai a bar sauran yadda yake. Ba aibu bane in abin da ake buƙata kenan, cike ramukan kwalta da ma'aikatan FERMA, hukumar gyaran hanyoyin tarayya, ke yi pothole patching ne kuma sunan aikin kenan. Amma in ka rubuta wa mai gida "we will patch it" ka sani ya ji cewa gyaran wucin gadi zaka yi, in kace patch up ma ya fi muni. Kar ka caji kuɗin cikakken gyara ka rubuta patch, kar kuma ka yi faci ka rubuta repair.

Repair ita ce wadda zaka riƙe in kana shakka. Tana shiga mota, gini, hanya, inji, waya, tana shiga Ingila tana shiga Amurka, tana shiga wasiƙar ofis da takardar kotu, kuma suna ce aikatau ce: carry out repairs, under repair, beyond repair in abu ya wuce gyara, in good repair in yana nan garau. Ma'anarta a mayar da abin da ya lalace ya koma yana aiki, ba ƙari ba ƙawa. In ka wuce haka ka sabunta gida ka canza tayil da fenti da silin to renovate ka yi. In tsohon abu ne mai tarihi ake so a mayar da shi kamanninsa na asali da irin kayansa na asali, kamar a ce za'a gyara Gidan Makama ko wani sashe na ganuwar Kano da ƙasa da makuba, restore ake cewa. Kula da abu tun bai lalace ba kuma maintain ne, na inji service. Kowacce da kuɗinta, shi yasa bai kamata a rubuta su kamar abu ɗaya ba.

Fix ita ce ta baki, ta hira da saƙon waya, kuma yanzu ta mamaye ko'ina saboda finafinai da intanet. "Can you fix it?" babu laifi ko kaɗan. Sai dai asalin ma'anarta kafewa ce, a ɗaure abu a wuri ya zauna, ma'anar gyara daga baya ta zo kuma Amurka ce ta yaɗa ta. Tsohuwar ma'anar tana nan da ranta a harkar gini, kuma nan ne na ga mutane da yawa sun faɗa rami. In ka ga supply and fix a takardar kwangila, misali supply and fix 10 doors, ba cewa aka yi ka gyara ƙofofi goma ba, cewa aka yi ka sayo sababbi ka kafa su. Akwai wani kafinta maƙwabcinmu da ya kusa sa hannu a irin wannan da kuɗin aikin hannu kawai, Allah ya taimake shi ya kawo min na karanta masa, da ya sa hannu da kuɗin ƙofofin daga aljihunsa zasu fita. Ga kuma fix a date tsayar da rana, fix the price tsayar da farashi, fix a match haɗa baki a sayar da wasa. Kalmar da take da fuska da yawa haka bana yarda da ita a inda kuɗi yake.

To in muka dawo kan shimfiɗar tsakar gida, ita ma gyaranta yana da kalmominsa. Intalok ba'a fix ɗinsa a bakin masu sana'a, lay ake yi, shi yasa ake rubuta supply and lay. In damina ta wuce wajen da mota ke tsayawa ya lotsa ruwa yana kwanciya, abin da ake yi shine a ɗaga tubalan a ƙara ciko a danne da inji a baza yashi a mayar da su, sunan wannan lift and relay. In 'yan guda ne suka fashe replace broken blocks. In flagstone ne simintin tsakaninsa ya zube za'a sake cikewa, repoint. In an haƙa rami don bututu za'a mayar da wajen yadda yake, reinstate. Akwai kuma make good da ake maƙalawa a ƙarshen layi, ma'anarta duk abin da ka ɓata garin aikinka kai zaka gyara shi da kuɗinka, mai karɓar aiki ya buɗe ido in ya ganta.

Bana da damina ta lotsa wani ɓangare na farfajiyar Hajiyar nan, inda tankar ruwa ta riƙa shiga lokacin da ake ƙarasa ginin baya alhali mai kauri 60 aka sa, ta sake kiran ƙanina. Ya zo min da yamma yace "Yaya me zan rubuta, repair ko fix?" Nace kar ka rubuta ko ɗaya, zauna ka faɗa min da Hausa abin da zaka yi da hannunka. Ya lissafa, na rubuta: lift existing 60mm concrete pavers, recompact base, supply and lay 80mm interlocking pavers to driveway, relay sound 60mm pavers to footpath, make good kerbs. Na karanta masa na fassara masa layi-layi har ya gamsu abin da ke bakinsa ne ke takardar, sannan ya tura. Cikin minti goma ta amsa da tambaya ɗaya tak, ranar da zasu fara.